Darasi na 9: Ƙwan Zabi, na Agwagwa, na Salwa da Sauransu

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bambanta ƙwan zabi, agwagwa, salwa, talotalo, dinya da jimina ta girma da ɓawo da yawan mai;
2. gane ƙwai mai kyau tun kafin ya biya kuɗi;
3. lissafa yawan ƙwan da zai maye gurbin na kaza a girki, da wanda ya fi araha;
4. dafa kowane iri yadda ba zai cutar da iyali ba;
5. raba abin da yake abinci da abin da ake tallarsa a matsayin magani.

1. Abin da ke cikin ƙwai

A birni, in aka ce ƙwai, hankali kan tafi ga kiret ɗin da ke gaban mai shayi. Wannan na kajin gidan gona ne. Amma duk tsuntsun da ake kiwo yana yin ƙwai, kuma duk wanda namansa ya halatta, ƙwansa ma ana ci. Ginin ƙwan kuwa iri ɗaya ne, daga na salwa har na jimina: ɓawo a waje, fari a ciki, gwaiduwa a tsakiya.

Ɓawo yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga, ruwa ke fita. Lokacin da tsuntsuwa ta saka ƙwai, akwai wani siririn shafi da ke rufe waɗannan ƙofofi, shi ne ke tare ƙwayoyin cuta. A gefen da ya fi faɗi akwai ɗan gurbi mai iska. Sabon ƙwai gurbinsa ƙarami ne. Kullum ya kwana, ruwan cikinsa na raguwa, gurbin na ƙara girma. Ku riƙe wannan, za mu yi aiki da shi a kasuwa.

> Akwatin kalmomi
> Gwaiduwa: ɓangaren tsakiya mai launin rawaya. A nan mai yake, da bitamin A da D da B12, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.
> Farin ƙwai: ruwan da ke kewaye da gwaiduwa. Mafi yawansa ruwa ne da furotin.
> Furotin: sinadarin abinci mai gina jiki, wanda ake samu a nama, kifi, wake, madara da ƙwai.
> Gurbin iska: sararin da ke gefen ƙwai mai faɗi, tsakanin ɓawo da fari.

A cikin giram 100 na ƙwai, wato abin da ke ciki ban da ɓawo, akwai furotin kimanin giram 13, ko na kaza ne ko na agwagwa ko na salwa. Bambancin da ke tsakaninsu a wannan fanni kaɗan ne ƙwarai. Inda suka sha bamban wuri uku ne: girma, kaurin ɓawo, da yawan mai. Wanda ya san waɗannan uku ya san yadda zai dafa kowanne.

2. Ma'auni: a gwada da na kaza

Yawancin girke-girken da ake koyarwa, da ƙwan kazar gidan gona ake lissafinsu. Saboda haka shi za mu ɗauka ma'auni. Waɗannan lambobi kimantawa ne, domin ko ƙwan kaza ɗaya ba ya zama daidai kullum.

| Tsuntsu | Nauyin ƙwai ɗaya | Mintin dafawa bayan ruwa ya tafasa |
|---|---|---|
| Salwa | giram 10 zuwa 12 | 4 |
| Zabuwa | giram 40 zuwa 45 | 10 |
| Kazar gidan gona | giram 60 | 10 |
| Agwagwa | giram 70 | 12 |
| Talotalo | giram 80 zuwa 85 | 13 |
| Dinya | giram 150 | 18 |
| Jimina | giram 1,400 | 90 |

Ƙwan kazar gida, wadda ke kiwo a tsakar gida, bai kai na gidan gona ba. Girmansa ya fi kusa da na zabuwa.

Misali na 1. Wata mai yin kek na biki tana sa ƙwan kaza 6 a kowane kwaɓi. Yau babu na kaza, sai na zabi da na agwagwa. Nawa za ta sa?

Nauyin da take bukata: 6 × 60 = giram 360.
Na zabi: 360 ÷ 45 = ƙwai 8.
Na agwagwa: 360 ÷ 70 = 5 da ɗan ɗoriya, sai ta sa 5.

In na agwagwa ta ɗauka, ta rage bota kaɗan, domin gwaiduwarsa ta zo da nata man.

3. Ƙwan zabi

Wannan shi ne namu na gida, kuma shi ya fi cancantar mu tsaya a kansa. Zabuwa tsuntsuwar Afirka ce, a nan aka fara kiwonta kafin a kai ta wasu nahiyoyi. Kazar gidan gona tana ƙwai rani da damina. Zabuwar ƙauye kuwa sai damina ta sauka, ciyawa ta fito, ƙwari sun yawaita, sannan take farawa, ta ci gaba har wajen kaka. Shi ya sa daga watan Yuni zuwa Satumba za ka ga ƙwan zabi cike da ƙwarya a kasuwannin ƙauye da tashoshin mota, daga Katsina da Sakkwato har Maraɗi da Damagaram, sannan da rani ka neme shi ka rasa.

Ba ta son akurki. Cikin gona ko ƙarƙashin ƙaya take yin sheƙa, sau da yawa zabi biyu ko uku su haɗu a gurbi ɗaya. Masu kiwo sun san ba a kwashe ƙwan duka, ana barin kaɗan, in ba haka ba ta sauya wuri. Ba ta kuma iya reno sosai, don haka mata kan sa wa kaza ƙwanta ta yi kwanci. Na kaza kwana 21 yake ƙyanƙyashewa, na zabi sai 26 zuwa 28.

Wannan hali nata yana da nasaba da girki kai tsaye. Ƙwan da aka tsinto a gona, ba wanda ya san ranar da aka saka shi. A ƙwarya ɗaya za a iya samun na jiya, da na mako uku, da wanda aka fara kwanci a kansa. Kaurin ɓawonsa yana sa ya jure hanya, ya kuma daɗe bai lalace ba fiye da na kaza, amma kaurin nan yana ɓoye abin da ke ciki. Don haka mai saye ya gwada.

> Akwatin kalmomi
> Kwanci: zaman da tsuntsuwa ke yi a kan ƙwai don ta ƙyanƙyashe shi.
> Baragurbi: ƙwan da ya ruɓe, musamman wanda aka yi kwanci a kansa bai ƙyanƙyashe ba.
> Gwajin ruwa: sa ƙwai a cikin ruwa don a gane sabo ne ko tsoho.

Misali na 2. Ga yadda cinikin kan kasance:

— Baba, ina wuni? Na yaushe ne ƙwan nan?
— Lafiya lau, 'yata. Na satin nan ne, daga gonata.
— To, a taimake ni da ruwa a kwano in gwada.
— Ga shi. Wanda ya taso, ki ajiye mini gefe.

Ƙwan da ya nutse ya kwanta a gefensa, sabo ne. Wanda ya nutse amma ya miƙe tsaye, ya kwana biyu, a dafa shi yau ko gobe. Wanda ya taso saman ruwa, gurbin iskarsa ya yi girma, a bar shi. Mai ƙwai na gaskiya ba ya jin haushin wannan gwaji. Wanda ya ɓata rai da an ambaci ruwa, ya riga ya ba ka amsa.

Gwajin ruwa tsufan ƙwai kawai yake nunawa, ba ya nuna ƙwayar cuta. Saboda haka ko ƙwai ya nutse, a gida a fasa kowanne shi kaɗai a kofi, a duba, a sansana, sannan a juye cikin sauran. Baragurbi ɗaya ya isa ya jawo asarar kwaɓin fulawa gaba ɗaya.

Wajen ci, dafawa ta fi dacewa da ƙwan zabi. Gwaiduwarsa babba ce idan aka kwatanta da girman ƙwan, launinta ya fi ja saboda ƙwari da ganyen da zabuwa ke ci, kuma da ɗan yaji da gishiri ba ya bukatar komai. Da an sauke, a tsoma shi cikin ruwan sanyi, ɓarewa za ta yi sauƙi. Idan ka ga wani kore-kore ya kewaye gwaiduwa, ba lalacewa ba ce, dahuwa ce ta wuce kima. In za a soya, a buga shi da bayan wuƙa ko cokali, don bugun da ke fasa na kaza a bakin kwano ba ya yi masa komai.

Misali na 3. A ce ƙwan kaza ɗaya naira 200 ne, na zabi 170. Wanne ya fi araha? Na zabi 4 ne ke daidai da na kaza 3, duka giram 180.

Na kaza: 3 × 200 = naira 600.
Na zabi: 4 × 170 = naira 680.

Ashe na zabi ya fi tsada, duk da ƙwaya ɗaya ta fi araha. Sai ya sauko ƙasa da naira 150 kafin ya doke na kaza. Ku sa farashin kasuwarku, da naira ko da sefa, ku sake lissafin. Wanda ya ce ɗanɗano yake saye ba nauyi ba, shi ma yana da hujja.

4. Ƙwan agwagwa

Mutane da yawa suna ƙyamarsa, suna cewa agwagwa ƙazamiya ce, ƙwanta na ƙarni. Akwai gaskiya a maganar, amma ba duka ba. Agwagwar da ke kiwo a kwata da kududdufi, ƙwanta kan ɗauki warin abin da take ci. Wadda ake ba hatsi da dusa da ruwa mai tsabta, nata ba ya yi. Agwagwar da aka fi kiwo a gidajenmu, mai jan nama a fuska, asalinta daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya take, kuma kwancinta kwana 35 ne, alhali sauran agwagi 28 suke yi.

A giram 100, ƙwan kaza na da mai kimanin giram 10, na agwagwa kusan 14. Kolestarol ɗinsa ya ninka na kaza fiye da sau biyu. Don haka kek da aka yi da shi ya fi laushi da tashi, amma wanda likita ya ce ya rage maiƙo saboda ciwon zuciya, ya ci da lissafi.

Farinsa bai kai na kaza ruwa ba. In wuta ta yi yawa sai ya yi tauri kamar roba. Ga yadda za a yi waina: a fara soya albasa da attaruhu da ɗan citta a man gyaɗa, su ne ke kashe ƙarni. A kaɗa ƙwai biyu da cokali biyu na ruwa ko madara. A rage wuta, a zuba, a rufe, a juya sau ɗaya. Kada a sauke sai tsakiyar ta daskare.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ba na wasa ba ne. Agwagwa kan saka ƙwai a wuri mai danshi, laka da kashi su manne masa, kuma ƙwayar salmonela na iya shiga ciki. Ƙwan agwagwa ba a cinsa ɗanye, ba a cinsa da gwaiduwa mai ruwa-ruwa.

> Akwatin kalmomi
> Salmonela: ƙwayar cuta da ke zama a hanjin tsuntsaye. Tana sa gudawa, amai, ciwon ciki da zazzaɓi. Dahuwa sosai na kashe ta.
> Kolestarol: wani nau'in maiƙo da ke cikin gwaiduwa da kitse, wanda jiki ke bukata kaɗan.

A gabashin Asiya ana cin ƙwan agwagwa sosai. A Filifin suna dafa ƙwan da ɗan tsako ya fara girma a ciki, suna kiransa balut. Wannan sai su. Amma mutanen Sin suna da wata dabara da za ta amfani mai ƙwai da yawa wanda ba shi da firji. A tafasa ruwa lita ɗaya da gishiri giram 300, a bari ya huce sarai. A jera ƙwai mai tsabta, marar tsagewa, a kwalba ko bokiti mai murfi, a zuba ruwan ya shanye kansa, a danne da faranti don kada ya taso. Bayan kwana 30 a ciro ɗaya, a dafa, a ɗanɗana. Farin zai yi gishiri sosai, gwaiduwar ta yi tauri da maiƙo. Ana cinsa kaɗan-kaɗan da shinkafa, ba a ƙara wa abincin gishiri. Mai hawan jini ya ƙyale shi.

5. Ƙwan salwa

Salwar da ake kiwo a keji 'yar asalin Japan ce. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a jihar Filato, ita ta shigo da ita Nijeriya a 1992. Tsuntsuwa ce mai saurin gaske: kwana 17 zuwa 18 a ƙyanƙyashe ta, mako 6 zuwa 7 ta fara ƙwai, kuma keji ɗaya a lungun gida ya ishe ta. Ƙwanta mai ɗigo-ɗigo ne, guda 5 ke daidai da na kaza ɗaya. Ɓawon ba shi da ƙarfi, amma fatar da ke ƙarƙashinsa tana da tauri, don haka da wuƙa ko almakashi ake yanke kansa. Dafaffe, yana shiga miyar tumatir ko saman shinkafa, kuma ya yi daidai da hannun yaro.

An yi wani yayi da aka riƙa tallar ƙwan salwa a matsayin maganin ciwon suga, hawan jini, asma, gyambon ciki da rashin ƙarfin jiki, har ana cewa a sha shi ɗanye da safe kafin a ci komai. Har yanzu ana jin wannan talla. Ƙwan salwa abinci ne mai kyau, iyakarsa ke nan. Ba ya warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka, kuma wanda ya ajiye maganin asibiti saboda shi ya sa kansa cikin haɗari. Shansa ɗanye ma asara ce biyu: ga barazanar salmonela, ga shi jiki ba ya amfana da furotin ɗin ɗanyen ƙwai sai kusan rabi, alhali na dafaffe yana ɗaukar kusan kashi 90 cikin 100.

Misali na 4. A ce ana sayar da ƙwan salwa 30 a kan naira 1,500. Ɗaya ya kama naira 50, biyar 250. In na kaza 200 ne, mai neman abinci mai gina jiki ga iyali ya fi samun sauƙi da na kaza.

6. Talotalo, dinya, tattabara da jimina

Ƙwan talotalo ɗanɗanonsa kusan ɗaya da na kaza, sai dai da wuya ka same shi a kasuwa. Talotalo sai ta kai wata bakwai take fara ƙwai, kuma ba ta yi da yawa. Hausawa na cewa ƙwai a baki ya fi kaza a akurki, amma mai talotalo ba zai yarda ba, don ya san abin da ɗan tsakonta zai kawo in ya girma. Na dinya ɗaya ya kai na kaza biyu da rabi, ya ishi mutum biyu waina. Tattabara biyu kawai take sakawa kafin ta kwanta, kuma farin ƙwanta ko ya dahu ba ya yin fari fat, ana ɗan hangen cikinsa.

Ƙwan jimina shi ne mafi girma a duniya, ya kai na kaza 23 ko fiye. Ba a fasa shi a bakin kwano, huda shi ake yi a tsiyaye. A yankinmu an fi sanin ɓawonsa a ado: shi ne a ƙololuwar hasumiyoyin babban masallacin Jenne, a Mali. Jiminar dajin Sahel ta kusa ƙarewa, har a Nijar aka buɗe wurin renonta a Kelle, cikin jihar Damagaram. Ƙwan jiminar da ake ci yau daga gonakin kiwo yake fitowa, irin na Afirka ta Kudu. Ƙwan tsuntsun daji, na jimina ne ko na fakara, a bar shi a sheƙarsa.

7. Ajiya, tsabta da yara

Kada a wanke ƙwan da za a ajiye, domin wanki na cire shafin da ke rufe ƙofofin ɓawo. In da datti, a goge da busasshen tsumma. Wanda ya ƙazantu sosai a wanke shi da ruwa mai ɗumi, a dafa nan take. A jera ƙwai da tsininsa ƙasa, a inuwa mai sanyi, kusa da randa in babu firji. Dafaffen ƙwai ya fi ɗanye saurin lalacewa, don haka wanda ya kwana a zafi, ko wanda ɓawonsa ya tsage a farantin talla, kada a saya. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa ɗanyen ƙwai.

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji a jihar Kaduna, kuma a cikin watan aka same ta a agwagi a Magarya, cikin Nijar. Agwagwa na iya ɗauke da cutar ba ta nuna alama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin digiri 70 a dukkan sassan abinci na kashe ƙwayar. A girki, wannan na nufin fari da gwaiduwa duka su daskare. In tsuntsaye suka fara mutuwa da yawa a gida, kada a ci ƙwansu, kada a sayar, a sanar da malamin dabbobi.

A wasu gidaje ana hana yaro ƙwai, wai zai koyi sata, ana hana mai ciki ma. Ƙwai ba ya koyar da hali. Daga wata shida, lokacin da aka fara ba jariri abinci tare da nono, ana iya murƙushe masa dafaffen ƙwai a kunu ko fate. Mai ciki ma ta ci, in dai ya dahu. Yaron da ƙwan kaza ke sa wa ƙuraje, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, kada a gwada masa na zabi ko na salwa sai an ga likita, don sau da yawa su ma haka za su yi masa.

Tambayoyin bita

1. Faɗi abubuwa uku da suka bambanta ƙwan tsuntsaye daban-daban a wajen girki.
2. Me ya sa tsohon ƙwai yake tasowa saman ruwa? Me gwajin ruwa ba ya nunawa?
3. A wane lokaci na shekara ƙwan zabi ke yawaita, kuma me ya sa gwada shi ya zama dole?
4. Mai shayi yana soya wa mutum ɗaya ƙwan kaza 3. In na zabi zai yi amfani da shi, nawa zai fasa? In na salwa ne fa?
5. Ƙwan agwagwa naira 250 ne, na kaza 200. Yi amfani da nauyin da ke jadawali ka gano wanda ya fi araha.
6. Bayyana yadda ake ajiye ƙwai a ruwan gishiri. Wa bai kamata ya ci shi ba?
7. Maƙwabcinka mai ciwon suga ya ce zai daina shan magani ya koma shan ɗanyen ƙwan salwa. Me za ka faɗa masa?
8. Me ya sa ba a wanke ƙwan da za a ajiye?
9. Agwagi biyar sun mutu a gidanku cikin kwana biyu, ga ƙwansu a ajiye. Rubuta matakan da za ka ɗauka.